Zauren Iyali: A Yi Wa Baba Tun Yana Gani

Zancenmu na wannan wata a kan tsofaffinmu maza yake, da wata al'ada da ta fara kama ƙasa a gidajenmu, watau taron da 'ya'ya sukan kira sa'ad da mahaifinsu ya cika shekara 60, ko 70, ko 80. Waɗansu suna murna da ita. Waɗansu kuwa suna cewa abin Turawa ne, ɓarnar kuɗi ce kawai. Ni ina bayan a yi. Amma akwai yadda za a yi shi tsoho ya kwana da farin ciki, akwai kuma yadda za a yi shi ya kwana da ciwon kai, 'ya'yansa su kwana da bashi.

Bari mu fara da abin da kowa ya gani da idonsa. In dattijo ya rasu a garuruwanmu, gawa takan yi mako biyu ko fiye a ɗakin ajiye gawa na asibiti, ana jiran 'ya'yan da suke nesa. Kafin ranar jana'iza sai a kira magina su gyara ɗakin da ya shekara uku yana yoyo, a shafa wa gida fenti. A ɗinka anko, a buga hotonsa a takarda, a yi hayar rumfuna da kujeru, a yanka sa. Ɗan da ya shekara biyar bai taka gida ba don aiki ya yi masa yawa, ran nan sai ga shi da matarsa da yara. Sa'an nan a tashi ɗaya bayan ɗaya ana faɗin kirkin marigayi, yadda ya sayar da awakinsa ya biya kuɗin makaranta, yadda ya yi tafiyar ƙasa zuwa asibiti da yaro a kafaɗa. Kowa yana share hawaye. Mutumin da ake yabo kuwa yana kwance cikin akwati. Bai ji ko kalma ɗaya ba, bai ɗanɗana naman ba, ɗakin da aka gyara kuma wani ne zai kwana a ciki.

Ba na cewa kada a binne iyaye da daraja. Wajibi ne. Tambayata ita ce, me ya hana mu ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ƙoƙari mu yi masa tun yana da rai? Ku duba Littafin Farawa. Tun daga sura 21, inda aka sallami Hajaratu da ɗanta, ba a sake nuna mana Isma'ilu da Ishaku a wuri ɗaya ba sai a sura 25, a bakin kogon Makfela, suna binne mahaifinsu Ibrahim. Gidaje nawa ne a cikinmu da haka abin yake, 'yan'uwa ba su haɗuwa sai a bakin kabari? Cikar shekarun Baba hanya ce ta tara su tun yana iya kiran kowa da sunansa.

Ko ya dace da mai bi?

Akwai 'yan'uwa da sukan ce, sau biyu kaɗai aka ambaci bikin ranar haihuwa a fili cikin Littafi Mai Tsarki, duka biyun kuwa da jini suka ƙare. Gaskiyarsu. A ranar haihuwar Fir'auna aka rataye shugaban masu toya masa gurasa (Farawa 40), a ta Hirudus kuma aka fille kan Yahaya Maibaftisma (Markus 6). Amma laifin bai rataya a kan ƙirgen shekaru ba. Sarakuna ne biyu da suka tara mutane don a ga ikonsu, ɗayansu ma alkawarin ganganci ne a gaban baƙi ya ɗaure shi. Abin koyo a nan shi ne, bikin nuna isa ƙarshensa ba ya kyau. A cikin Littafin nan kuma akwai Kalibu, wanda ya tsaya gaban Joshuwa ya ƙirga shekarunsa 85, ya shaida cewa Ubangiji ne ya raya shi (Joshuwa 14). Zabura 90 kuma ta sa tsawon ran mutum a kan 70, ko 80 ga mai ƙarfi.

Kai wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai kai shekara 60 ba, ko da yake mutuwar ƙananan yara ce ta fi jan lissafin ƙasa. Wanda aka haifa a 1955 ya cika 70 a 2025. Ya tsallake ƙyanda da agana da suka kwashe sa'o'insa da yawa, ya ga yaƙin basasa, ya ga fari da yunwa na 1973. In irin wannan mutum bai isa a taru a gode wa Allah dominsa ba, wa ya isa? Kek da kyandir na Turawa ne, wanda ba ya so ya bar su. Amma a tara zuriya a gaban tsoho bayan an kai amfanin gona gida, a kawo masa gaisuwa, ya sa albarka, wannan namu ne tun kaka da kakanni.

In Baba bai san ranar haihuwarsa ba

Ga inda gidaje da yawa sukan tsaya. Iyayenmu da yawa a ɗaki aka haife su, babu wanda ya rubuta. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi a kotu ba kullum take faɗin gaskiya ba, gama mutane da dama sun rage shekara biyu ko uku don shiga makaranta ko neman aiki. Shi ya sa za ka ga tsofaffi da yawa katinsu yana cewa 1 ga Janairu. Kada ku taɓa waɗannan takardu, musamman in fanshonsa yana rataye a kansu. Abin da kuke nema domin gida ne kawai.

Ku fara da rubuce-rubuce. A ekklesiyoyin da ake yi wa jarirai baftisma, kamar Katolika da Angilika, littafin baftisma yakan kawo ku kusa ƙwarai. A inda sai mutum ya girma ake yi masa, katin baftisma zai ba ku kimanin shekara kaɗai. Akwai kuma rajistar makarantar firamare, in ba gara ta cinye ta ba, da bangon tsohon Littafi Mai Tsarki na gida, inda masu bishara da malaman makaranta sukan rubuta haihuwar 'ya'yansu.

In babu rubutu, sai a bi manyan abubuwan da kowa ya tuna. An gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sojojinmu suka riƙa komowa daga Bama bayan haka. An yi babban husufin rana a 1947. Sarauniyar Ingila ta zo a farkon 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, ta kuma je Jos. An sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. Yaƙin basasa ya fara a 1967, ya ƙare a 1970. An koma tuƙi a hannun dama a 1972, aka canja fam da sule zuwa naira da kobo a 1973. Ku tambayi Baba, ku tambayi gwaggo da sa'o'insa, "Da aka sami mulkin kai, kana goye ne, ko kana kiwon awaki?" Yaro yakan yi famfara wajen shekara shida ko bakwai. A zamanin da kuma, ba a ɗaukar yaro a aji ɗaya sai ya iya ɗora hannu ta bisa kansa ya taɓa kunnen ɗaya gefen, watau wajen shekara shida ke nan. To, wanda yake da giɓi a baki a shekarar mulkin kai, ku sa haihuwarsa wajen 1953 ko 1954. Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe wannan lissafi. Za su gaya muku wanda ya girme shi da yaye ɗaya, da kuma ko da damuna aka haife shi ko da kaka.

In kun sami shekarar, ko da kuskuren ɗaya ko biyu, ya isa. Ku zaɓi rana ku tsayar. Ga yawancin gidaje kwanakin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara sun fi sauƙi, gama an gama girbi, yara suna hutu, hanya ta bushe. Amma kada a yi ta jiran shekara mai sifiri. In Baba yana da 77 kuma ƙarfinsa yana raguwa, kada ku ce sai ya kai 80. Ba wanda ya ba ku alkawarin shekara ukun nan.

A tambayi mai abin

Akwai wani dattijo cikin 2 Sama'ila 19 da ya kamata kowane mai shirya irin wannan taro ya karanta labarinsa. Sunansa Barzillai, shekarunsa 80. Ya ciyar da Sarki Dawuda a lokacin gudun hijira, sarki kuwa ya so ya sāka masa, ya ce ya zo Urushalima ya zauna a fada. Tsohon ya ƙi. Ya ce ba ya ƙara jin ɗanɗanon abinci da abin sha, ba ya kuma jin muryar mawaƙa. Abin da yake so shi ne ya koma garinsu, ya ƙarasa kwanakinsa kusa da kabarin iyayensa, alherin kuma a yi wa Kimham, wanda yake na baya gare shi. Dawuda bai tilasta masa ba.

Mu kuwa sau da yawa mukan shirya abin da zai burge abokan aikinmu, mu ce don Baba muka yi. A ɗauko tsoho daga ƙauye, a yi tafiyar awa shida da shi a mota, a zaunar da shi a babban ɗakin taro cikin kaya masu nauyi, lasifika tana ruri a kunnensa, mutanen da bai taɓa gani ba suna ta jawabi da Turanci. Abokansa na gaske, waɗanda suka yi kiwo tare, suka yi waƙar Sabon Rai tare, suna can gida, ba wanda ya tuna da su.

Saboda haka kafin a tsayar da kome, babban ɗa ko babbar 'ya su je su zauna da shi. Abin da ake kira ba-zata bai dace da mai hawan jini ba, bai kuma dace da girman uba ba. A tambaye shi inda yake so a yi, da waɗanda yake marmarin gani. Zai ce, "Kada ku wahalar da kanku." Haka iyaye suke faɗa. Ku yi haƙuri ku ci gaba da hira, a hankali za ku ji ya ambaci ƙanwarsa da take aure a nesa, ko wani aboki da ƙafa ta hana shi fita. Waɗannan su ne manyan baƙinku, ko da sai an aika mota ta ɗauko su. A shawarci Mama kuma tun daga farko, gama ita ta san abin da cikinsa yake karɓa da lokacin da yakan gaji. A sanar da baffanni da gwaggwanni da baki, kada su ji a bakin mutanen waje. Gidajen da tashin hankali ya raba da garinsu kuwa, kada su ce sai an koma gida tukuna. Inda Baba yake zaune yau, nan ne gida.

Zancen kuɗi

A nan ne zumunci yakan tsage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yatsu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Kada a raba kuɗi daidai wa daida a kan kowa, mai albashi da manomi da gwauruwa. A faɗi abin da ake bukata gaba ɗaya, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ya kawo buhun masara, ko itace, ko ya kwana uku yana share gida da ɗebo ruwa, a lissafta shi cikin masu bayarwa. A sa mutum biyu su riƙe kuɗin, su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, su nuna wa 'yan ɗaki bayan taro. Amma kada a karanta sunayen masu bayarwa a gaban jama'a. Wanda Allah ya buɗa masa kuma ya yi hankali, kada ya saye taron duka har ƙannensa su zama 'yan kallo a gidan ubansu.

Kada a ci bashi, kada a taɓa kuɗin makarantar yara, kada a sayar da gona ko shanun noma. In anko zai hana wata zuwa don ba ta da kuɗin yadi, a bar anko. Akuya ɗaya, da tuwo, da kunu, da zuriya a zaune a tsakar gida, sun isa biki. In an tara kuɗi, ina ba da shawara a raba shi biyu tun kafin a kashe ko kobo. Kashi ɗaya na abincin ranar, kashi ɗaya na abin da zai zauna tare da Baba bayan kowa ya tafi.

Wa za a kira?

Dukan 'ya'yansa. Na sake faɗa, dukansu. Da yawa cikin iyayenmu sun yi aure fiye da ɗaya, ko kafin su ba da gaskiya, ko bayan rasuwar matar fari. In 'yan ɗaki ɗaya suka shirya abu suka bar 'yan uba a waje, sun mai da ranar murna ta zama ranar ƙunar zuciya, gama uba ba ya iya cire ɗa daga ransa don 'yan'uwansa sun cire shi daga takarda. A sa wakili daga kowane ɗaki cikin masu shiri. 'Ya'ya mata da suka yi aure, da agola da Baba ya rena, da marayun ɗan'uwansa da suka tashi a hannunsa, duk nasa ne.

Gidajenmu da yawa kuma suna da dangi Musulmi, wani ƙanen Baba ne ciki ɗaya, wata 'yarsa ce ta cikinsa. A kira su da girmamawa, a kuma shirya yadda za su ci ba tare da shakka ba. A ba Musulmi ya yanka dabbar, kada a kawo naman da ba su ci, a tanada musu ruwa da wuri mai tsabta in lokacin salla ya yi. Maƙwabta ma haka. Giya kuwa, ko burkutu ko ta kwalba, kada ta shigo. Taron dangi da yawa da suka fara da addu'a, ita ce ta ƙarasa su da zagi.

In akwai 'yan'uwa biyu da ba su ga maciji, kada a bari sai ranar taro a haɗa su a gaban mutane. Tun da sauran makonni a sami kawu, ko wani dattijon ekklesiya da dukansu suke jin nauyinsa, ya bi su ɗaya ɗaya. In sun shirya, babu kyautar da za ta kai wannan a wurin Baba. In ba su shirya ba, a roƙe su su zo su zauna lafiya na yini ɗaya saboda shi. Waɗanda suke ƙasar waje kuma a sa musu lokacin da za su kira ta waya ya ga fuskarsu, amma wanda yake cikin ƙasa ya tuna zumunta a ƙafa take.

Ranar taron

A fara da wuri, a gama da wuri, domin tsoho ya huta, baƙi kuma su kama hanya da sauran rana. Awa biyu ko uku sun isa. A sa masa kujera mai daɗi a inuwa, kusa da ɗakinsa, Mama a gefensa. Kada a manta, rabin abin da ake yabonsa a kai da hannunta aka yi. In ta riga mu gidan gaskiya, a ambaci sunanta.

In za a yi sujadar godiya, a gajarta. A bar shi ya zaɓi waƙoƙin da yake so daga Littafin Waƙoƙi, a kuma karanta masa daga juyin da ya saba da shi. Da yawa cikin tsofaffinmu da tsohon juyin Hausa, wanda aka fara bugawa a 1932, suka koyi karatu, kalmominsa ne suke zaune a kunnensu. In yana da harshensa na gado, a yi waƙa ko addu'a ɗaya da shi.

Game da abinci, a dafa abin da ya tashi da shi, ko tuwon dawa da miyar kuka, ko tuwon acca, ko gwate, a dafa nama ya yi laushi saboda haƙora. In yana da hawan jini a rage gishiri da dunƙule a nasa kwanon. In yana da ciwon sukari, kada jikoki su dame shi da kek da lemon kwalba, kuma kada hidima ta sa a manta da lokacin maganinsa. Liƙi kuma a bar shi. Ban da cewa yana kunyata marasa shi, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki. Mai kyauta ya sa a ambulan ya miƙa da hannu biyu.

Sa'an nan a zo ga zuciyar taron. Kowane ɗa da 'ya su tashi su faɗi abu ɗaya da Baba ya yi musu wanda ba su manta ba. Ba dogon jawabi ba, abu ɗaya tak, da sunan wuri da lokaci. Mu ba mu saba gode wa iyaye baki da baki ba, kunya takan hana. Amma duk abin da kuka san za ku faɗa a kan akwatinsa, ku daure ku faɗa a gaban idonsa. A bar jikoki su yi wasansu na kaka da jika, matan su ce mijinsu ya tsufa za su sake shi, mazan su ce sun zo ƙwace masa mata. Dariyar nan magani ce.

Daga nan a yi shiru a ba shi magana, kada mai gabatarwa ya tsaya a kansa yana duban agogo. A sa wani yaro mai hankali ya ɗauki muryarsa a waya. A tambaye shi sunan kakansa da na kakan kakansa, daga ina aka taso, yaya bishara ta shigo gidan, wa ya fara zuwa makaranta. Jikoki da yawa da aka haifa a birni ba su san ko sunan unguwar kakanninsu ba. A ƙarshe zuriya ta durƙusa ya sa mata albarka, yadda Yakubu ya tara 'ya'yansa a Farawa 49. Zancen gado da iyakar gona kuwa ba na wannan rana ba ne. In yana so ya yi shi, 'ya'ya su zauna da shi kashegari, da shaidu, a rubuta.

In Baba bai kyauta ba fa?

Na san akwai mai karanta wannan da zuciyarsa take cewa, "Ba ka san ubana ba." Akwai uban da ya shanye kuɗin makaranta, akwai wanda ya yi ta dūkan uwar yara, akwai wanda ya tafi ya bar gida sai da ƙarfi ya ƙare ya komo. Ba zan ce maka wannan ba kome ba ne. Ciwo ne na gaske, kuma kada 'yan'uwa su tilasta wa mai irin wannan ciwo ya tashi ya yi yabon da bai fito daga zuciyarsa ba. Ƙarya ba ta zama girmamawa don an faɗe ta a wurin biki.

Amma doka ta biyar, a Fitowa 20, ba ta ware iyayen kirki kaɗai ba. Girmamawa tana iya zama ka zo, ka gaishe shi, ka zauna, ka ci abinci. In ba ka da abin yabo, kana iya gode wa Allah da ya bar shi da rai har yau, gama muddin yana numfashi ƙofar tuba da gafara a buɗe take. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da nadama, girman kai ne ya hana su buɗe baki. Wani lokaci ganin 'ya'yan da ya ɓata wa sun taru dominsa shi ne yake karya wannan taurin. In kai ne uban, kana kuwa karanta wannan, ka san abin da ya rage gare ka. Kalmar "ku gafarce ni" daga bakin uba tana warkar da abin da shekara talatin ba su warkar ba, ba ta kuwa rage masa girma ko kaɗan.

Bayan an kwashe kujeru

Kashegarin biki gida yakan yi tsit, tsoho ya koma zamansa shi kaɗai. A nan ne kashi na biyu na kuɗin nan zai yi aiki. Riga da hula suna da kyau, amma ku duba abin da yake damunsa kullum. In ya daina karatu don ido ya yi hazo, a kai shi a duba. Sau da yawa yanar ido ce, aikinta kuwa ba ya daɗewa, ana yinsa a wurare kamar Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A auna jininsa da sukarinsa. A gyara rufin ɗaki, a yi masa makewayi kusa wanda ba sai ya tsuguna ba, a sa masa fitila mai aiki da hasken rana don kada ya faɗi da dare, a saya masa bargo kafin hunturu.

Kafin 'ya'ya su watse, su zauna su raba nauyi a rubuce, wa zai riƙa sayen magani, wa zai aiko da hatsi, wa zai zo a wane wata. Ubangijinmu ya tsauta wa waɗanda suka ce abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah (Markus 7). In baiko bai zama hujjar barin iyaye ba, balle bikin yini ɗaya. Ku kuma tuna yaranku suna kallo. Yadda suka ga kuna yi da Baba, haka suke koyon yadda za su yi da ku.

To, ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, shekarun mahaifinka nawa bana? In ba ka sani ba, aikin wannan wata ke nan. Ka nemi gwaggo ka tambaya, ka kira 'yan'uwanka ku sa rana. Waɗanda nasu ya riga ya tafi kuma, akwai baffa, akwai kawu, akwai suruki, akwai wani tsoho a bencin gaba na ɗakin sujada wanda ba shi da kowa.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya ba mu zuciyar kula da su. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.